Ranar da Kailu Kumasi Ya Shayar da Gari Zumar Turawa

Duk wanda ya ce muku Kailu Kumasi mugu ne, ƙarya ya yi mashi. Kailu ba ya da mugunta ko kaɗan. Ciwonshi guda ne, komi anka ɗauko a duniyar nan ya riga kowa saninshi. Ni Hawa nake gaya muku. Taubashina ne, ɗan kawuna, kuma dangar kara ɗaya ta raba gidana da nashi a Tungar Haske, can tsakanin Filinge da Tabla, don haka ko tari ya yi sai na ji.

Shekara huɗu ya yi a Kumasi, ya dawo sa'ad da anka koro baƙi, da akwatin ƙarfe da tabarau mai tsagaggen ido. Tun daga ranar ba mu huta ba. In ka ce rana ta yi zafi, sai shi ce ai ba ka ga ta Kumasi ba. Ya ce Turawa bakwai ya yi ma kuku, wata rana su zama tara, in ran kasuwa ne kuwa har goma sha biyu suna kaiwa. Amma ni dai ko ruwan zafi ban taɓa ganin ya ɗora ba.

To, shekara goma sha uku da samun 'yancin kai, damina ta sake yi muna rowa. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye. Rijiyar gari ta ƙafe, sai mu mata mu tashi tun asuba mu tafi rijiyar fadama, ba mu dawowa sai hantsi, da tulu guda a kai. Gidaje da yawa sun rufe ƙofa sun nufi Yamai. Ni kaina sana'ar fura ta mutu a hannuna, don babu gero babu mai saye.

Ana cikin haka, ran wata Alhamis, sai ga kamiyo, wato babbar motar kaya, da ƙaramar mota sun tsaya ƙarƙashin gawon ƙofar Maigari Manzo. Masu haƙar rijiya ne, da wani dogon Bature ja wur. Direban, Amadu, shi ne tafinta.

Ya ce, "Wanga Bature ba Bafaranshe ba ne. Daga Ostiraliya ya fito."

Kailu ya gyara tabarau ya ce, "Na san ta. Bayan Kumasi kaɗan take."

Amadu ya dube shi, ya ci gaba. Wata huɗu za su yi suna haƙa, kuma Bature na neman kuku. Ladan aikin kuwa buhun dawa ne duk wata. Mai so shi dafa abincin gwaji gobe da azahar, kafin nan Bature zai tafi Filinge sa hannu ga takardu shi dawo.

Buhun dawa! A waccan shekarar! Kana jin mutane na haɗiyar yawu.

Sai Amadu ya fito da wata kwalba mai faɗin baki, cike da wani abu baƙi ƙirin mai danƙo. Ya ce Bature na cin duk abin da anka ba shi, amma wannan abin ƙasarsu ne, ba ya rabuwa da shi, a sa mashi cikin abinci. Maigari ya buɗe ya shinshina, ya ja kai baya.

"Amadu, ba dai man gyaran kamiyo ka ɗauko muna ba?"

Liman ya leƙa ya ce shi kam da maganin kaska ta yi mashi kama.

Kailu ya yi wata dariya mai ban haushi, ya ratso taro ya karɓe kwalbar. "Kaito, ƙauyanci! Zumar Turawa ce. Da cokali muke shan ta a Kumasi. Baba Maigari, a daina neman kuku, ga shi tsaye."

Amadu ya ce, "To, amma na ga shi dai in zai ci, sai shi ɗauki..."

"Kai direba, ni za ka koya ma aikina? Na taɓa koya maka tuƙi?"

Amadu ya ɗaga kafaɗa ya koma mota.

Da la'asar na ji su ta danga, shi da matarshi Dijatu. Ita Dijatu ba ta da yawan magana, amma hannunta na da albarka, ko ganyen tafasa ta dafa sai ka lashi yatsa. Tiya uku na gero ya rage musu a duniya, tana ta jan shi da dabara saboda ɗiyansu huɗu. Kailu ya ce a surfe a dake, duka yake so gobe.

Ta ce, "Maigida, tiya ukun nan su ne tsakaninmu da barin gari. Bature guda, ai tiya ɗaya ta ishe shi har shi bari."

"Wa ya ce miki Bature kaɗai zan ciyar? Na gayyaci Maigari da Liman da dattawan gari duka, su zo da hantsi su fara ci, su zama shaidu. In Bature ya iso, baki goma sha ɗaya ne zai yabe ni."

"In bai ɗauke ka ba fa?"

"Ke Dijatu, kina magana da mutumin da ya yi ma Turawa goma sha huɗu kuku."

Na ce daga bayan danga, "Taubashi, jiya goma sha biyu ne. Haihuwa sunka yi?"

Ya ce in yi ta haushi, gobe sai na roƙe shi suɗi.

Da safe na tarar da Dijatu tana daka tana share ido da gefen zane. Wallahi tausayinta ya kama ni har cikin ƙashi, na ɗauko taɓaryata na taya ta. Shi kuwa gogan ya ari farar riga, ya naɗa farin ƙyalle a kai, ya rungume kwalba shina zagaya tsakar gida shina ba da umurni. Ya riga ya yaudari Jibo, Bafillacen da ke zaune bayan gari, ya kawo nonon saniyarshi guda da ta rage, da butar shayi, a kan alkawarin za a ɗanɗana mashi zumar Turawa.

Na ce, "Taubashi, kai ka ɗanɗana ta kuwa?"

Ya ce, "Kukun ƙwarai ba ya ɗanɗane. Da hanci yake aiki."

Hantsi na yi dattawa sunka hallara, mutum goma sha ɗaya, kowa ya zo da cikinshi wayam. Anka shimfiɗa musu tabarmi a ƙofar gida. Kailu ya fara da shayi. Maimakon sukari ya dumbuza baƙin abin nan cokali uku cikin buta, ya yi ta ɗaga ta sama shina tsiyayawa, ya miƙa ma Maigari kofin farko.

Maigari ya kurɓa. Gemunshi ya yi rawa. Idonshi na hagu ya rufe da kanshi, na dama ya kawo ruwa. Ya daɗe kafin shi haɗiye.

Kailu ya ce, "Kada ka damu, Baba. Haka take. Daɗin daga baya yake tafowa."

Kofi ya zagaya, kowa ya sha, sunka zauna shiru suna jiran daɗi. Kaza ta wuce. Jaki ya yi kuka can bayan gari.

Liman ya ce, "Kailu, har yanzu dai bai iso ba."

"Kaɗan kunka sha, shi ya sa. Dijatu, kawo fura!"

Furar nan ni da Dijatu munka dama ta, fara tas, da nonon da Jibo ya kawo, irin wadda rabon garin da ganin ta tun bara. Muna ji muna gani ya kwashe rabin kwalba ya dulmiya ciki, ya sa ludayi ya yi ta juyawa har ta koma kalar ruwan tabki in shanu sun shiga. Na dafe ƙirji na ce, "Wayyo furata!"

Yanzu za ku ce mi ya hana dattawan nan su tofar su tashi? Ba ku san mu ba ke nan. A shekarar yunwa, mutum ya ɗauki geronshi na ƙarshe ya ajiye gabanka, ko ƙasa ya dama ba ka kushe ta. Ga kuma yunwar kanta. Ga tsoron kada Kailu shi ce maka baƙauye gaban jama'a, shi yi ta faɗi har ka mutu. Saboda haka ludayi ya yi ta yawo, kowa na kurɓa shina kallon ɗan'uwanshi, shina jiran wani shi fara magana.

Maigari ya share hawaye ya ce, "Madalla. Akwai... akwai ƙarfi."

Liman ya ce, "Lalle abincin masu ilimi ne."

Jibo kuwa nonon saniyarshi kawai yake kallo cikin ƙwarya, kamar mai zaman makoki.

Sai tsoho Ibrah, wanda kunnenshi ya yi nauyi bai ji yabon da ake yi ba, ya ɗaga murya ya ce, "Wai mi ya mutu cikin ƙwaryar ga?"

Anka yi ta zungurin shi da gwiwar hannu. Kailu ya ce a ƙyale shi, tsufa ne, harshenshi ya gaji. Ya ƙara ma tsohon ludayi biyu don shi saba. Kafin a jima ƙwarya ta koma wayam.

Ashe baƙin abin nan cike yake da gishiri. Sannan gishirin ya tashi aiki, ƙishirwa ta kama su.

Maigari ya fara cewa a ba shi ɗan ruwa shi kurkure baki. Ya shanye moɗa uku a tsaye. Liman ya karɓe moɗar kafin ta sauka. Kan ka ce mi, randar Dijatu ta ƙare, har sun kifa ta suna tarar ɗigo. Sai na ga rawuna goma sha ɗaya sun juyo sun nufi gidana.

Na tare ƙofa na ce, "Baba Maigari, tun asubar jiya na ɗauko ruwan nan a kaina!"

Ya ce, "Hawa ɗiyata, kauce. Gobe a yi shari'a."

Sunka shanye min tas. Daga nan sunka bazu cikin gari, gida gida, dattawa masu jikoki suna tsallake danga da riguna a hannu. Ladi matar maƙeri ta biyo Liman da muciya tana cewa, "Malam, ko na alwala ka bar min!" Tsoho Ibrah, wanda kullum sai an kama shi yake tashi, da idona na gan shi shina gudu da tulun wata a rungume. Mata sunka fito ƙwai da kwarkwata, ana ihu ana salati, yara na bin baya suna tafi, su a ganinsu salla ce ta zo.

Da randunan gari sunka ƙare, wani ya tuna da babban tano, wato duron ƙarfe, da ke bayan kamiyo, ruwan da masu rijiya sunka kawo don kwaɓa siminti. Amadu ya hau kai ya baje hannuwa shina rantsuwa, anka ɗauke shi cak anka ajiye gefe.

Duk wannan bidiri bai dami Kailu ba. Cewa ya yi alama ce ta abinci ya karɓe su. Ya koma ciki ya sa Dijatu ta kwashe tuwo cikin akushi, ya yashe sauran kwalbar da hannu ya shafe tuwon nan sama da ƙasa, yadda ake yaɓen ɗaki, har ba ka ganin fari ko ɗigo. Ya goge hannuwa a jikin farar rigar aro, ya shafa gemu, ya ɗora akushi a kai ya nufi gawon Maigari shina taku ɗai-ɗai.

Abin da ya manta shi ne awakin Jibo. Sun biyo mai su cikin gari, guda tara, kuma rabonsu da lasar gishiri ko kanwa wata biyar. Iska ta kaɗa musu ƙamshin rigar Kailu. Akuya ta farko ta ɗaga kai. Ta biyu ta ɗaga. Sai ga su nan a guje.

"Kai! Kai! Jibo, kama dabbobinka!"

Ina Jibo? Kanshi na cikin tano.

Awaki sunka yi mashi zobe. Wannan na lasar hannun riga, waccan ta ci aljihu, wata ta ɗora ƙafafu a ƙirjinshi tana neman gemu. Hannuwanshi biyu na riƙe da akushi, ba halin kora, sai shuri. Ya zuba da gudu shina zagaya kamiyo, awaki tara na biye, mata na biye da awaki da muciyoyi. A zagaye na uku bunsurun ya samu mazagin wando, inda Kailu ya goge yatsa, ya ja da ƙarfinshi duka. Wando ya sauka har idon sawu. Allah ya so rigar doguwa ce.

A daidai nan ƙaramar mota ta tsaya, Bature ya fito.

Ya dubi dattawan da ke rataye a bakin tanonshi. Ya dubi mata da muciyoyi. Ya dubi Kailu, wanda ya taho da tsalle-tsalle, wando ya ɗaure mashi ƙafafu, ya durƙusa ya ajiye akushi ya buɗe faifai da alfahari. Bature ya leƙa. Ya daɗe shina leƙe. Ya yi ma Amadu magana a hankali.

Amadu ya ce, "Wai ina sauran kwalbar?"

Kailu ya ce, "Gaya mashi ba mu yi mashi rowa ba. Duka munka sa."

Amadu ya faɗa mashi. Bature ya kama cikinshi, ya zauna daɓas a ƙasa, ya yi ta dariya har jan fuskarshi ya ƙaru. Da ya samu numfashi ya ce kwalbar nan wata biyu take yi mashi. Ya shiga mota ya ɗauko wata, da burodin da ya sayo a Filinge, da man shanu. Gari duka ya matso. Ya yanka burodi, ya shafa man shanu, sannan ya taɓa baƙin abin da kan wuƙa, ɗan mitsitsi, ya shafa shi har sai da ya kusa ɓacewa. Ya gatsa, ya lumshe ido.

Maigari ya ce, "Iyakarta ke nan?"

Amadu ya ce, "Iyakarta ke nan, Baba. Abin da na so faɗi jiya ke nan anka ce in yi tuƙina."

Maigari ya juya sannu a hankali. Cikinshi na ƙugi da ruwan gida shida. Ya nuna akushi da sanda.

"Kailu, ɗaure wandonka. Zauna. Bismilla."

"Baba, ai kukun ƙwarai ba ya..."

"Ci!"

Ya yanko loma ya kai baki. Tabarau ya zamo daga hancinshi ya faɗi. Jijiyoyin wuyanshi sunka miƙe. Maigari ya ce a ƙara, ya ƙara, har loma biyar, Liman na tsaye kanshi shina cewa, "Yi haƙuri, daɗin na tafe." Kailu ya miƙa hannu, da wata 'yar murya ya ce, "Ruwa."

Na ce, "Taubashi, ruwa a garin nan? Ai sai gobe da hantsi."

Dariya ta kece, har masu rijiya na faɗuwa. Ana cikin haka Amadu ya ɗaga hannu ya ce Bature ya gode, amma gobe za su nemo kuku daga Filinge.

Nan dariyar ta mutu. Kowa ya tuna da tiya ukun nan, kuma kowa ya san cikinshi ya ci daga ciki. Na dubi ɗiyan Kailu huɗu tsaye jikin danga, ƙaramar na tsotsar yatsa, sai na ji kunyar dariyar da na yi. Shi kanshi ya sunkuyar da kai, karon farko da na ga bakinshi a rufe.

Sai Dijatu ta miƙe. Ta juya ta shiga gida, ta fito da ƙaramar ƙwarya da kasko. Malmala guda ce ta ɓoye ma yara, da miyar kuka. Ta durƙusa nesa kaɗan ta ce, "Amadu, gaya ma baƙo, ba a zuwa garinmu a wuni da yunwa. Ba yawa, shi yi haƙuri."

Bature tun safe bai ci komi ba sai gatsa guda na burodi. Ya wanke hannu da ɗan ruwan gorarshi, ya yanki tuwo ya dangwala. Ya tsaya. Ya sake yanka. Bai ɗago ba sai da ya suɗe kaskon da yatsa, sannan ya tambayi abin da ta sa.

Ta ce, "Ba ni da gishiri, ba ni da daudawa. Na tsinci marfin kwalbar da maigida ya yar, na shinshina, na ji ai 'yar'uwar daudawa ce. Sai na lakaci abin da ya maƙale ciki na sa a miya."

Bature ya tafa hannu, ya yi magana mai tsawo. Amadu ya ce an fasa zuwa Filinge, kuku ta samu, in ta yarda. Ta ce ta yarda, amma a gidanta za ta riƙa dafawa a zo a ɗauka. Nan take anka sauko da buhun farko daga kamiyo. Mata munka rangaɗa guɗa, Ladi ta jefar da muciya ta shiga rawa.

Kailu ya miƙe, ya kakkaɓe abin da awaki sunka bari na riga, ya buɗe baki zai ce shi ya koya mata. Muryar ta ƙi fita, gishiri ya shaƙe ta. Ya miƙa hannu zai kama bakin buhu a matsayinshi na maigida. Dijatu ta riga shi, ta zauna a kai.

Da yamma masu rijiya sunka ɗebo mata ruwan girki da mota daga fadama. Ta tuƙa tuwon dawa tukunya guda, yara sunka ci har ƙaramar ta yi barci da loma a hannu. Ina leƙe ta danga, ba zan ɓoye muku ba. Kailu ya matso da akushinshi ya ajiye gabanta, babba, wanda ake fitar ma baƙi. Ta dube shi, ta dubi akushin. Ta ɗauki wuƙa ta taɓa tuwon da tsininta, ta shafa mashi a gindin akushi har sai da ya kusa ɓacewa, ta tura mashi da hannu biyu cikin ladabi.

"Ga shi, maigida. Haka Turawa ke ci. In kana son irin namu na ƙauyawa, randunan gari ashirin da uku na jiran ka."

Da asuba munka kama hanyar fadama, mu mata goma sha tara da namiji guda, tulu a kai, tulu a hannu.